Muryar Bayan Ƙofa

Gargaɗi na biyu ya shigo wayarta ne da hantsi, tana tsaye tana goge allo. Gardama ta karanta shi da tsumma a hannu, ta sake karantawa, sannan ta nemi bakin tebur ta zauna.

An sauke darasinta na jiya daga shafinta na intanet. Dalilin da aka bayar shi ne an ji waƙar wani kamfani a cikinsa. A ƙasa an rubuta sunan waƙar, kuma waƙar Baba ce, mahaifinta, wanda aka binne tun bara.

Gardama ba shi ne sunanta na gaskiya ba. Baba ne ya laƙaba mata tun tana 'yar mitsitsiya, don ko ce mata aka yi wuta da zafi sai ta nemi a kawo hujja. Da wannan halin ta gama jami'a, ta karanci lissafi, ta yi yawon neman aiki har takalmanta suka buɗe baki, ta kuma ƙi zuwa ta durƙusa wa kowa. Daga ƙarshe ta kwashe tarkacen ɗakin ajiya, ta kafa farin allo a bango, ta ɗora waya a kan 'yar ƙafa uku, ta shiga koyar da lissafi ga yaran da ba ta taɓa ganin fuskarsu ba. Shekarun farko masu kallonta ba su cika aji guda ba. Yanzu dubbai ne, suna ce mata Malama, wasu har daga garuruwan da ba ta san yadda ake furta sunansu ba. Duk abin da ta gina yana cikin shafin nan. Dokar dandalin kuwa a fili take: gargaɗi uku, a rufe shafi, a share abin da ke ciki, kuma ba a ƙara barin mutum ya buɗe wani.

Na farkon ta san inda ya fito. Baba mawaƙi ne, mai kaɗa jita, kuma a zamaninsa da wuya ka wuce shagon tela ko na mai aski ba ka ji muryarsa a rediyo ba. Tun yana matashin magidanci ya sa hannu ya sayar wa wani ƙaramin kamfani waƙoƙinsa. Kamfanin ya mutu, wani ya sayi kayansa, wani babba kuma ya haɗiye wancan, har waƙoƙin suka koma hannun mutanen da ba su taɓa jin sunan unguwarsu ba. Bayan rasuwarsa Gardama ta ɗora waƙar da aka fi saninsa da ita, ta haɗa da hotonsa yana dariya. Ba ta kwana biyu ba aka sauke. Ta rubuta musu da zafi cewa mahaifinta ne, a gabanta ya cika. Suka amsa cikin ladabi cewa suna yi mata ta'aziyya, amma waƙar tasu ce. Ta haɗiye abin, ta ci gaba da aikinta.

Amma jiya ba ta kunna komai ba. Jitar Baba tana naɗe cikin zane a saman kabad. Kaset-kaset ɗinsa suna cikin kwali a gidan Yaya. A ɗakin nan ba kowa sai ita da allo da fanka.

Ta ɗauko kwafin darasin da ke wayarta, ta sa iyafis a kunne, ta ja zuwa wurin da gargaɗin ya nuna. Ta ji muryarta tana cewa, "To, ku gwada wannan da kanku, ina jira." Sai shiru. Fanka na juyawa. Daga can bayan ƙofa ƙarar keken ɗinki na tafiya a hankali. Ta ƙara sauti har ƙarshe, ta danne iyafis ɗin da tafukanta.

Sai ga ta nan, a ƙarƙashin ƙarar keken, siririya kamar zare. Waƙar ce. Babu kalmomi, wani ne kawai ke rera ta da baki a rufe.

Tsigar jikinta ta tashi. Ga rana tana shigowa ta taga, ga mai sayar da ruwa yana kira a titi, amma sai da ta waiwaya ta dubi kujerar da Baba kan zauna yana kallonta tana koyarwa, yana cewa shi dai har yau bai ga amfanin neman wani harafi da ya ɓata ba. Kujerar ba kowa. Ta sake saurare, sannan ta gane murya ce ta mace.

Umma ce.

Tun rasuwar Baba, Umma ta zama kamar ɗakin da aka kwashe wa kaya. Ta amsa gaisuwa, ta ce an gode, shi ke nan. Keken ɗinkinta, tsohon baƙin keke mai takawa da ƙafa, ya yi watanni a lulluɓe. Kwanan nan ne ta yaye shi ta koma karɓar ɗinkin maƙwabta, kuma Gardama ta yi murna da ƙarar, amma ba ta lura cewa akwai wani abu a ƙarƙashinta ba. Ita da ke bango ɗaya da mahaifiyarta ba ta ji ba, sai wata na'ura a wata ƙasa ce ta ji.

Ta leƙa ta ƙofa. Umma na sunkuye a kan keke, tabarau a ƙarshen hanci, ƙafa na takawa, leɓɓanta a rufe, waƙar na fita ta hanci. Fuskarta ta saki yadda Gardama ta manta tana iya saki. Gardama ta ja ƙofar a hankali.

Washegari ta tafi ofishin ƙawarta da suka yi jami'a tare, wadda kowa ke ce wa Barista tun kafin ta gama karatun lauya. Ofishin ɗaki ne guda a saman kantin magani, tebur cike da fayil, da butar shayi a kan taga.

"A'a, yau Malama da kanta? Wa kika zaga?"

"Ban zagi kowa ba tukuna. Saurari wannan."

Barista ta saurara, ta karanta gargaɗin, dariyar ta bar fuskarta. Ta nemo faifan kamfanin a kwamfuta ta kunna. Gardama ta ji waƙar nan fiye da yadda za ta iya ƙirgawa, ta san kafin jita ta shigo akwai wata mace da ke rera sautin a hanci, da wani abu yana kas-kas-kas a bayanta. Tana ƙarama ta taɓa tambayar Baba wace ce, ya yi dariya ya ce wata ce, ba ta san ta ba. Ta ɗauka wata 'yar amshi ce ta situdiyo.

Barista ta jera sautin biyu, na faifai a sama, na darasi a ƙasa, ta kunna su tare.

Ba su yi karo ba ko sau ɗaya. Inda ta sama ta ja numfashi, nan ta ƙasa ta ja. Inda ta sama ta ɗan karye kafin ta sauka, nan ta ƙasa ta karye. Ɗaya yarinya ce ɗanya, ɗaya tsohuwa, amma maƙoshi ɗaya ne. Kas-kas ɗin da Gardama ta ɗauka kayan kiɗa ne kuwa ya hau kan ƙarar keken ɗinki ya zauna daram.

"Ƙawata," in ji Barista a hankali, "ba cewa suka yi wani ya kwaikwayi waƙarsu ba fa. Na'urar ta ɗauka faifan nasu ne kika kunna."

Gardama ta daɗe tana kallon layukan biyu suna tafiya a fuskar kwamfutar.

"To ai shi ke nan," ta ce cikin fushi. "Muryar uwata ce, a ɗakin uwata, a kan keken uwata. Su zo su gaya min wanda ya ba su."

"Baba ya ba su."

"Nasa ne da zai bayar?"

"Wannan ita ce tambayar, kuma zauna ki ji, kada ki cinye ni." Barista ta tura mata kofin shayi. "Kina iya ƙalubalantarsu. Za ki ba da cikakken sunanki da adireshinki, ki yarda su kai ki kotu in sun ga dama, kuma irin su suna ganin dama. Ni zan tsaya miki, ba na tsoronsu. Amma ba ke ce shaida ba, Umma ce. Sai ta tsaya gaban alƙali ta rantse cewa sautin nata ne, muryar tata ce, ba ta taɓa sa hannu a komai ba. Kin san ma'anar wannan?"

"Na sani."

"Faɗi in ji."

Gardama ta kau da kai tana juya kofin shayin, sai Barista ta faɗa da kanta.

"Ma'anarsa ta ce Baba ya sayar da abin da ba nasa ba. In ba za ta faɗa ba, to waƙar tasu ce a doka, ko da daga bakin wa ta fito. Kuma saura miki gargaɗi ɗaya. Bayan rufe shafi ma, suna iya biyo ki da ƙara, su ce da gangan kika maimaita."

Kuskuren da ta yi shi ne kiran Yaya a hanya. Kafin ta iso gida har ya riga ta, da tsohuwar katifar soso a bayan babur da ledar ƙusoshi. Yaya makaniki ne, mutumin kirki, amma ya saba magana a cikin ƙarar injin, bai san yadda ake rage murya ba.

"Ke dai ba kya jin magana! Tun na farko na ce ki bar waƙar nan ta kwanta da mai ita. Yanzu ga shi za ki jawo mana kotu. Mu da ko ofishin 'yan sanda ba mu taɓa shiga ba!"

"Yaya, rage murya."

"In rage me? Abin mai sauƙi ne. A buga soso a ƙofa, Umma kuma ta riƙa yin shiru in kina ɗauka. Waƙa ce fa, ba numfashi ba."

Ƙarar keke ta tsaya.

Su biyun suka juya. Umma na tsaye a bakin ƙofarta, da tef ɗin awo a wuya, tana kallon katifar.

"Wace waƙa?"

Ba yadda za a yi, Gardama ta zaunar da ita ta gaya mata komai, ta sa mata iyafis ta ji muryoyin biyu. Umma ta saurara idonta a ƙasa. Da aka gama ta cire iyafis ɗin, ta naɗe wayarsa a yatsa kamar zare.

"Yayanki ne ba lafiya," ta ce. "Yana goye, zazzaɓi ya hana shi barci, ni kuma ga ɗinkin mutane. In na taka keke ina yi masa wannan sai ya lafa. Babanku ya shigo da sabuwar rikoda da ya aro, ya ajiye a ƙarƙashin keke ban sani ba. Sai wata rana ina gidan maƙwabta na ji kaina a rediyo. Na kusa sakin tulun... na kusa sakin abin da ke hannuna." Ta yi ɗan murmushi. "Na yi kwanaki ba na yi masa magana. Ya ce ai ba wanda zai gane ni. Ga shi kuwa an gane."

Yaya ya sosa ƙeya. "Wai ni aka yi wa?"

"Kai, da ƙaton kanka."

Gardama ta matso ta kama gwiwarta. "Umma, taki ce. Barista ta ce in kin tsaya kin faɗa, za mu iya karɓo ta. A rubuta sunanki a kai. Shekara da shekaru suna ci da muryarki, yanzu kuma su hana ki buɗe baki a ɗakinki?"

"In tsaya in ce me?"

"Gaskiya kawai."

"In ce Babanku ya ɗauki abina ya sayar."

"Ai haka aka yi."

Umma ta dube ta, irin kallon da ke sa Gardama ta koma 'yar firamare. "Yana raye, yana da bakin amsawa, ban kai ƙararsa wurin kowa ba. Sai yanzu da yake kwance? Da waƙar nan aka san shi. In na cire ta, me na bar masa?" Ta miƙe tana dafa gwiwa. "Ku buga abinku. Ni na daina. Ba zan zama sanadin rushe abin da kika wahala a kai ba."

Ta shiga ɗaki, suka ji tana jan zanen da take lulluɓe keke da shi.

Yaya ya buga soson, ya gwada ƙofar, ya ce yanzu ko biki ake a can ba za a ji ba. Gaskiyarsa kuwa, ba a jin komai. Sai dai ba don soson ba ne.

Umma ta mayar wa maƙwabta yadinsu, ta ce idonta ne ya raunana. Ta koma zaman kujera, hannu a cinya. In Gardama ta shiga aji, sai Umma ta cire takalmi ta riƙa tafiya a gidan da ƙafa kamar baƙuwa. Ta daina buɗe famfo, ta daina jan kujera. Wata rana Gardama ta fito daga ɗauka ta same ta tsaye a tsakar falo, fuska ta yi ja, hannu a baki.

"Kin gama? Zan iya tari?"

Gardama ta koma ajin ta rufe ƙofa, ta haɗa goshinta da allo, ta tsaya haka har tawadar makar rubutu ta hau mata fata. Ba ta yi kuka ba. Ta riga ta yi wa kanta alkawari cewa mutanen nan ba za su ga hawayenta ba, ko da ba sa kallo.

Ita ma abin bai bar ta ba. Kowane darasi, kafin ta ɗora, sai ta sa iyafis ta bi shi daga farko har ƙarshe tana farautar waƙar. Kuma tana jin ta. Tana jin ta a juyin fanka, a kukan firji, a babur da ya wuce can nesa. Sai ta tsayar, ta koma baya, ta ƙara sauti, ba komai sai iska. Ta kashe fanka ta riƙa koyarwa cikin gumi. Ta fitar da kujerar Baba daga ɗakin, washegari ta ji ɗakin ya fi ba ta tsoro, ta mayar da ita. Ɗalibai suka fara rubuto mata: Malama lafiya kuwa, kin daina ba mu dariya, Malama me kike waiwaye?

Yaya kan leƙo da yamma, ya dubi Umma, ya dubi abincin da ba ta taɓa ba, ya fita waje ya tsaya yana murza makullin babur. Ran nan ya ce, ba tare da ya kalli ƙanwarsa ba, "Ta koma yadda take bayan rasuwa."

"Ta fi haka."

"Ni fa ban ce ta daina ɗinki ba."

"Na sani, Yaya."

Ranar Gardama ta ɗauko filaya ta cire ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, ta jawo soson ta jefar bayan gida. Ta yaye zanen keke, ta share shi, ta ɗiga masa mai. Ta durƙusa gaban Umma ta ce ta yi ɗinkinta, ta yi waƙarta, in ya so ita ta riƙa ɗaukar darasi a wani wuri.

"Wane wurin? Nan ne wurinki." Umma ta shafa kanta. "Bar shi, Auta. Maƙoshin ma ya manta."

Da yamma Gardama ta ga an mayar da zanen.

Jarrabawar fita sakandare ta matso, ɗalibai suka dame ta da roƙon ta yi musu bita kai tsaye, su tambaya ta amsa. Ta sa ranar Asabar da safe. Ta gwada fitila, ta gwada makirfo, ta ja ƙofa, ta fara. Yaran suka cika shafin, saƙonninsu na gudu a gefen fuskar waya kamar tururuwa. Wajen tsakiya ta ji jikinta ya ɗan saki, har ta tsokani wani da ya ce amsarsa ta fito da ragowa, ta ce ya ajiye ragowar ya yi kalaci da ita. Ta rubuta musu wata tambaya mai wuya, ta ce, "Ku gwada, ina jira. Wanda ya leƙa na maƙwabcinsa ina ganinsa."

Ta juya tana goge gefen allo. Hannunta na tafiya, tsumma na kai da komo, hankalinta ya tafi wani wuri. Ba ta san tana yi ba. Sai da ta waiwayo ta ga saƙonni suna ta hawa, Malama na waƙa, ashe Malama ta iya waƙa, sannan ta ji abin da ke fita ta hancinta. Ta datse shi. Ta dubi saman fuskar wayar. Ba gargaɗi. Ita dama ba ta taɓa iya riƙe sauti ba, Baba kan ce muryarta ta gaji lissafi, ba ta gaji gida ba. Ta ɓata waƙar yadda ko na'ura ba ta gane ta ba.

Ƙofa ta buɗe.

"Ba haka ba ne."

Umma ce tsaye, ba takalmi, ta haɗe gira kamar an kawo mata ɗinkin da aka karkace.

"Kina hawa inda ake sauka. Tun ɗazu nake jin ki, kina yanka ta kamar da almakashi mara kaifi. Saurara."

Ta rufe baki ta fara.

Muryar ta fito a dishe, ta yi tuntuɓe, ta miƙe. Ta cika ɗan ɗakin, ta taɓa allo, ta taɓa kujerar da ba kowa. Umma ba ta san ana ɗauka ba, ko kuma ta manta, idonta na kan 'yarta, hannunta na auna sautin a iska, nan a hau, nan a sauka.

Wani jan layi ya bayyana a saman fuskar wayar. An gano sauti mai haƙƙin mallaka. A dakatar da shi yanzu, in ba haka ba za a katse shirin.

Wayar na nan kusa, miƙa hannu kawai. Maɓallin kashe makirfo na ƙasa daga hagu, Gardama ta san shi ko ido rufe. Ta san kuma Umma na kallonta. In hannun nan ya motsa, Umma za ta bi shi da ido, ta ga wayar, ta gane, ta kama bakinta da tafi, ta nemi gafara. Daga nan kuma ba mai sake jin wannan muryar, ko an rushe duk kamfanonin duniya.

Ta tuna darussan da ke cikin shafin, tun na farko da ta yi da aron waya, murya na rawa. Ta tuna yaran da jarrabawarsu ta matso. Saƙonni na ta gudu: Malama ja ya fito, Malama kashe sauti, Malama wace ce wannan, don Allah a bar ta ta ƙarasa.

Gardama ta mayar da hannayenta baya ta riƙe tsumman da su biyun.

"Ban ji wurin saukar ba, Umma," ta ce. "Sake."

Umma ta sake. Wannan karon da ta zo ƙarshen sautin, inda a faifai jita ke shigowa Baba ya ɗauka da baitin soyayya, ba ta tsaya ba. Ta buɗe baki, kalmomi suka fito, waɗanda Gardama ba ta taɓa ji ba, waɗanda rikodar aro ba ta kama ba:

"Zazzaɓi baƙo ne, ɗana, ban yi masa shimfiɗa ba. Allura na gaba, zare na biye, kai ma biyo ni mu kai safe."

Fuskar wayar ta yi fari, sannan rubutu ya fito a tsakiya. Gardama ba ta karanta ba, ta san abin da ya ce. Ta taka a hankali, kamar mai gyara fitila, ta cire wayar daga kan 'yar ƙafa ukun ta kife a kan tebur. Nan take ta fara rawa a kan katako, kira na shigowa, Yaya ne ko Barista ko wani ɗalibi. Ta ɗora tsumma a kai.

Umma ta kai ƙarshe ta tsaya tana haki kaɗan, idonta ya kawo ruwa, tana mamakin kanta.

"Akwai wani baitin ma," ta ce. "Amma ba ya zuwa sai ina taka keke." Sai ta dubi allon, ta dubi 'yar ƙafa ukun da ba waya a kai. "Ba ɗauka kike ba ko?"

"Na gama."

"Kin tabbata? Kada in ɓata miki."

"Na gama, Umma."

Takardar kotu za ta zo, Gardama ta san da haka, kuma sunanta ne za a rubuta a kai, ba na Umma ba, ba na Baba ba. Za ta je ta amsa ita kaɗai. Umma ma za ta ji labarin shafin, ba yau ba, amma za ta ji, kuma sai an san yadda za a gaya mata. Yaran kuwa, allo bai tafi ko'ina ba, makar rubutu na nan, kujeru ana aro. Na kusa za su iya zuwa, na nesa sai ta nemi hanya. Ta taɓa farawa da ƙasa da haka.

Ta bi Umma ɗaki. Umma ta yaye zanen ta ninke, ta zauna, ta laluba tabarau, ta miƙo mata bakin zare.

"Zura min, idonki ya fi nawa."

Sai da Gardama ta yi ta gwadawa kafin zaren ya shiga. Umma ta jawo wani guntun yadi ta sa a ƙarƙashin allura, ta ɗora ƙafa a kan mataki, sannan ta ɗago ta dubi ƙofar da ke buɗe.

"In rufe?"

"Bar ta," in ji Gardama, ta zauna a ƙasa ta jingina da ƙafar keken. "Taka."